Na gwada Baba da saƙon ƙarya, yanzu na gaskiyar ya zo

Gwaggo mai shawara, barka da aiki. Don Allah ki taimake ni, kaina ya ɗaure. Kwana tara ke nan ina yawo da wata takarda a jakata, takardar da na yi shekara goma sha bakwai ina jira, amma na kasa kai ta wurin mutumin da ya fi ni jiranta. Maiɗakina ce ta ce in rubuto miki, wai tunda na ƙi jin tata, wataƙila in ji ta wadda ake buga maganarta a jarida, don ta lura ni sai abu ya fito a buge nake yarda da shi.

Ni malamin jami'a ne a sashen kwamfuta, bincikena kuwa a kan tsaro ne. Ina koya wa na'ura ta gane saƙon 'yan damfara kafin ya isa wayar mutum. Misalai ake tara mata, dubbai, a ce mata wannan na gaskiya ne, wannan na ɓarayi ne, har ta fara rarrabewa da kanta. Matsalar ita ce yawancin misalan da ake da su ba da harshenmu aka rubuta su ba. Ɗan damfarar da ya iya gaisuwa, ya tambayi lafiyar iyali, ya san inda zai sa in sha Allahu, sai ya wuce ta gaban na'urar ba ta ko ɗaga kai ba. Wannan ramin nake son cikewa.

Sau biyu ina neman kujerar farfesa, sau biyu kwamiti yana dawo min da fayil. Na farko suka ce takardun bincikena da aka buga ba su kai ba, kuma da gaskiyarsu, don shekarun nan duk a duba aikin ɗalibai da zaman kwamitin jadawalin jarrabawa suka tafi. Na biyu wani mai tantancewa daga waje ya rubuta cewa aikina yana da kyau, amma duk a cikin kwamfuta ya ƙare, ban taɓa gwada shi a kan mutane masu rai ba. Maganar nan ta tsaya min a rai.

To a sana'armu akwai wata ɗabi'a. In kana son sanin ƙarfin ƙofa, kai za ka fara zame mata ɓarawo. Ma'aikatu suna tura wa ma'aikatansu saƙon ƙarya don su ga wa zai latsa, kuma ba a sanar da kowa, don in an sanar gwajin ya lalace. Sai na ce kafin in nemi izinin yin babban gwaji, bari in ɗan taɓa na gida in ga ko saƙonnin nawa suna da kama da na gaske. Na zaɓi mutum goma sha biyu a dangi, na ba kowa lamba, na rubuta wa kowa saƙon da na san zai taɓa shi. Wanda ya latsa ba abin da zai rasa, shafi ne kawai zai buɗe yana cewa a ɗan jira, ni kuma in gani a ofis. Bayanin cewa gwaji ne sai bayan kwana biyu zai fito, don kada wani ya tsegunta wa wani.

Maiɗakina, wadda ma'aikaciyar jinya ce, ko minti uku ba ta yi ba ta gano ni. Saƙonta ya ce ta latsa ta ga sakamakon 'yarmu ta aji huɗu, sai ta turo min amsa cewa yarinyar tana aji biyar, kuma duk duniya mutum ɗaya ne bai san haka ba. Yayata kuwa ba ta ma buɗe nata ba, ita in saƙo ba na murya ba ne ba ta da lokacinsa.

Baba shi ne lamba bakwai. Shekara talatin da biyar yana shugaban makarantar firamare, kuma babban abin alfaharinsa shi ne ba yaron da ya taɓa wuce shi da takardar ƙarya, ko ta rashin lafiya ko ta sa hannun uba. Tun da mahaifiyarmu ta rasu, rayuwarsa ta koma wani benci a ƙofar shagon mai gyaran rediyo, inda suke zama da yamma shi da abokansa uku. A cikinsu akwai tsohon ma'aikacin gidan waya, wanda duk lokacin da aka ambace ni sai ya gyara tabarau ya tambaya ko har yanzu ina nan a dakta. Baba ba ya nuna ya ji haushi, amma duk zuwan da zan yi, kafin in gama cire takalmi ya tambaye ni labarin kujerar.

Na san kuɗi ba za su ja Baba ba, kyauta ma zarginta yake. Don haka na rubuta masa wannan, daga lambar da ta yi kama da ta ofis: "Barka da yamma, ranka ya daɗe. Majalisar jami'a tana farin cikin sanar da kai cewa ɗanka ya zama farfesa. Latsa nan ka ga takardar." Gwaggo, wallahi da na gama rubutawa jin kaina na yi ƙwararre.

Ina zaune a ofis, fanka tana ta ƙara, na ga lamba bakwai ta latsa. Bayan minti ɗaya ta sake. Kafin a tashi aiki ta latsa sau goma sha ɗaya. Abin da yake hana ni sakewa har yau shi ne daɗi na ji. Har na kira abokin aikina na ofishin kusa na nuna masa, muka yi dariya, ya ce lallai wannan saƙon ya shiga takardar bincikena. Ana cikin haka wayata ta yi ƙara, Baba ne. Na zuba mata ido har ta katse. Ya sake kira, ya kuma sakewa, sau uku, ban ɗauka ba, don in na ɗauka dole in faɗa masa gaskiya, shi kuma zai faɗa wa yayata, sauran mutum goman su ji, gwaji ya lalace. Na ce ai kwana biyu ne kawai.

Ashe da ya ga ban ɗauka ba, sai ya ɗauka ina can ana ta yi min murna. Ya sa babbar rigarsa ya tafi benci baki har kunne, ya miƙa wa tsohon ma'aikacin gidan wayar wayarsa ya ce ya karanta da ƙarfi kowa ya ji. Ya sayo wa kowa lemo, har da masu jiran gyaran rediyo. Ya kira ƙannensa biyu da ke nesa. Washegari da safe wayata ta cika da barka, wata gwaggona har kuka take a saƙon murya tana cewa ina ma mahaifiyarka ta ga wannan rana. Na ɗauki mota na nufi gidan Baba.

Na tarar da shi a baranda ya shimfiɗa hoton ranar da na karɓi digirin dakta a kan tebur yana goge shi. Na zauna na yi masa bayani, kuma kin san mu malamai, in mun rikice lacca muke komawa. Na yi masa bayanin yadda 'yan damfara suke aiki, da yadda na'ura take koyo, har na zaro biro na zana masa a bayan ambulan. Ya saurare ni har na gama bai katse ni ba. Sannan ya yi min tambaya ɗaya: "To, na ci jarrabawar ko na faɗi?" Ni kuma da iyayi na ce ya faɗi, amma kada ya damu, saƙon ne aka tsara shi da kyau. Ya ce madalla, ya mayar da hoton ɗaki.

Yau wata goma sha huɗu ke nan. Wayarsa tana cikin durowa a kashe, in muna son jin lafiyarsa sai ta wayar yayata. Benci ya daina zuwa gaba ɗaya, yana baranda shi da rediyo, kuma yayata ta ce abokan sun zo sau biyu ya ce musu ƙafa ke damunsa, alhali ƙafarsa lafiya lau. Bai taɓa yi min faɗa ba, da ya yi da na ji sauƙi. In na je zai amsa gaisuwa, ya tambayi yara, ya sa a kawo min ruwa. Amma da Auta yake kirana, yanzu na koma Dakta, kuma bai sake tambayata labarin kujerar ba ko sau ɗaya. Na ba shi haƙuri har sau biyu, ya ce ai ba komai, aikina ne.

Ni kuma na ci gaba da aikin. Na sami izini, na yi babban gwajin da mutanen da suka sa hannu sun yarda, takardu uku suka fito, na'urar tawa yanzu tana kama saƙonnin da a da suke wuce ta. Su ne suka cika fayil ɗina, ga shi takardar ta fito da gaske, da hatimi da sa hannu. Wani lokaci nakan ce wa kaina ai ke nan ba ƙarya na yi masa ba, saurin sanarwa ne kawai. Da na faɗa wa maiɗakina haka, kallon da ta yi min ya ishe ni amsa.

Gwaggo, yaya zan yi in faɗa masa? Na yi tunanin in ɗauki hoton takardar in tura ta wayar yayata. Na yi tunanin in roƙi ofishin shugaban jami'a su kira shi da kansu. Har na rubuta masa hanyoyi biyar da zai bi ya tabbatar takardar ba ta jabu ba ce. Tsorona shi ne ya karanta ya ce madalla ya miƙo min. In ya yi haka, ban san me zan yi da kujerar ba, don gaskiya shi na yi wa ita. Shekarunsa saba'in da shida, kuma ina ganin yadda zaman baranda yake cinsa.

Naki,
Auta, mai gadin na'ura

AMSA

Ranka ya daɗe farfesa, barka da arziki. Na fara da wannan ne don na lura kwana tara ba wanda ya yi maka barka da zuciya ɗaya, kai ma ba ka yi wa kanka ba. Shekara goma sha bakwai ba wasa ba ce, kuma aikinka aiki ne. Maƙwabciyata an taɓa kwashe mata komai da saƙo guda mai gaisuwa kamar na ɗan gida, don haka in na'urarka ta tare ko mutum ɗaya daga irin wannan, ka ci ladanka. Ka gaishe min da maiɗakinka kuma, da alama tsaron gidanku a hannunta yake. Ita 'yar taku ma yanzu ta shiga aji shida, na faɗa maka ne don kada a sake kama ka.

Yanzu sai mu zo kan lamba bakwai, wanda a wajenmu mu da ba mu yi zurfin karatu ba ake kira mahaifinka. Na karanta wasiƙarka sau biyu, kuma ina da gyara a makin da ka ba shi. Ni dai abin da nake ji ku masana kuna faɗa mana a rediyo kullum shi ne, in saƙo ya zo da labarin wani naka, kada ka gaskata, kira shi ka ji daga bakinsa. To me tsohon ya yi? Ya kira ka sau uku. Ya bi ƙa'idar tiryan-tiryan, ya je ƙofar da aka ce a je, ya tarar mai gadin yana zaune yana kallon waya tana ƙara. Baba bai faɗi jarrabawa ba, mai jarrabawar ne ya ɓoye takardar amsa. Ina mamakin yadda kwamitin da ya duba fayil ɗinka har sau uku bai ga wannan ba.

Latsawa goma sha ɗayan nan da kuka yi wa dariya, ni da na karanta sai da na ajiye tabarau. Kai da kanka ka ce kuɗi ba sa jansa, kyauta ba ta jansa. Ka duba duk rayuwarsa ka ga wuri ɗaya ne ba ya kullewa, wurin da kake, ta nan ka shiga. Mutumin da shafi yake ce wa ya jira, ya ƙi jira har sau goma sha ɗaya, ba wauta ke damunsa ba, ɗoki ne. Ita kuma maganar saurin sanarwa, ka bar ta a inda maiɗakinka ta binne ta, kada ka bari ta kai kunnen Baba.

Ba zan ɗora maka duka ba. Ba da mugunta ka yi ba, ɗabi'ar ofis ce ka shigo da ita gida ba tare da ka cire mata takalmi ba. Shi ma tsohon yana da nasa. Wata goma sha huɗu a baranda ya yi yawa, kuma shugabannin makaranta sun iya horon shiru fiye da kowa, na sani don na yi aiki ƙarƙashin ɗaya. Yana hora ka, amma kansa ya fi horawa. Sai dai ba kai ne za ka faɗa masa haka ba, kuma ba yanzu ba.

Ka lura da abu ɗaya. Haƙurin da ka ba shi sau biyu a baranda ka ba shi, daga kai sai shi, alhali ba a baranda ya ji kunya ba. A benci ya ji ta, a gaban mutum uku da suka san shi da cewa ba a wuce shi da takardar ƙarya, kuma shi da hannunsa ya miƙa musu ita ya ce a karanta da ƙarfi. Abin da ya hana shi komawa ke nan. Ba fushinka ne ya zaunar da shi ba kamar tunanin fuskar tsohon ma'aikacin gidan wayar nan yana gyara tabarau.

Saboda haka ga shawarata. Hoton takarda ta waya, a'a. Kiran ofishin shugaban jami'a, a'a, ya ishe shi jin labarinka daga lambobin ofis. Hanyoyi biyar ɗin nan kuwa ka ajiye wa ɗalibanka, za su yi kyau a jarrabawa. Ka je da ƙafarka ranar da ba ka da lacca, ka bar jakar a mota, ka bar biro ma. Ka zauna ƙasa da shi ka ce, Baba, ranar nan ka tambaye ni ko ka ci ko ka faɗi, na ba ka amsar da ba daidai ba, ka kira ni sau uku ina gani na ƙi ɗauka, ni na faɗi. Ban sani ba ko ka taɓa faɗa masa cewa kana kallon wayar, wasiƙarka ba ta nuna ba, kuma ina zargin ba ka faɗa ba. Zai yi zafi, amma shi ne abin da yake buƙatar ji. In ka faɗa ka yi shiru. Na san shiru yana yi wa malamin jami'a wuya, ka daure.

Daga nan ka nemi izininsa ka je bencin, kai kaɗai. Ka gaishe da dattawan nan ka gaya musu da bakinka cewa abokinsu bai yi musu ƙarya ba kuma ba ɗan damfara ne ya ruɗe shi ba, ɗan cikinsa ne, kuma ya bi duk matakin da ya kamata mai hankali ya bi. Za su yi maka tsiya, mai tabarau zai more, ka tsaya ka sha. In an ci sa'a dariyar za ta tashi daga kan Baba ta dawo kanka, kai kuma kana da ƙuruciyar ɗaukarta. Kada ka ambaci kujerar a wurin ko da sun tambaya, wannan labarin ba naka ba ne, akwai mai shi.

Sai bayan wannan za ka ɗauko takardar, ta ainihi, ka sa masa a hannu ba tare da sharhi ba. Ka bar shi ya juya ta, ya ɗaga ta a haske, ya duba hatimin yadda ya ga dama. Mai yiwuwa ya ce madalla ya miƙo maka, kamar yadda kake tsoro. In ya miƙo, kada ka karɓa. Ka ce tasa ce, ofis za su ba ka wata, ka yi sallama ka tafi. Tsofaffi ba sa saukowa a gaban yara, sai an ba su wuri. Ba zan yi maka alkawarin ranar za ka ji Auta daga bakinsa ba, amma ka sa yayarka ta riƙa leƙa barandar da yamma, ranar da ta tarar da rediyo shi kaɗai, kada ka bi shi, kada ka kira, ka bar shi ya kai labarinsa da kansa.

Kada ka kai kwana na goma sha ɗaya, farfesa, shekara saba'in da shida ba ta son a ɗan jira. Allah ya sanya albarka a kujerar, ya ƙara wa Baba lafiya da nisan kwana, ya sa ya zauna a sahun gaba ranar laccarka ta farko a matsayin farfesa.

Taku,
Gwaggo